Azelik: wa zai saurari ƙarar ma'aikacin uraniyom?

A watan Yunin 2023 gwamnatin Nijar da ƴan kasuwar Sin suka sa hannu kan yarjejeniyar sake buɗe mahaƙar uraniyom ta SOMINA da ke Azelik, kusa da Teguidda-n-Tessoumt, bayan shekaru tana rufe. An yi ta maganar guraben aiki, amma wa zai saurari ma'aikacin da ciwon huhu ya kama bayan ya bar aiki?

Asusun CNSS, da aka kafa a 1965, shi ke biyan fansho da diyyar hatsarin aiki, muddin an yi wa ma'aikaci rajista. In saɓani ya taso, sai ya nufi kotun ma'aikata a Agadas, tafiya mai nisa da tsada. Matan da ke haƙar gishiri a Teguidda kuwa, galibinsu ba su cikin tsarin.

A Jamus, tun 1954 akwai babbar kotu a birnin Kassel wadda aikinta kawai shari'ar fansho, inshorar lafiya da makamantansu, alƙalanta sun ƙware a fannin. Nijar na buƙatar irin waɗannan alƙalai, da zaman kotu a Ingal lokaci-lokaci, domin ƙarar mai haƙa ta samu mai saurare.