Kada A Kai Yaro Kotun Manya

Akwai wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a ƙasar Amurka, wai yaron da ya yi babban laifi, kamar kisan kai ko fashi, sai a gurfanar da shi gaban alƙalin manya, a ɗaure shi tare da manya. Masu wannan ra'ayi su kan ce wuƙa ba ta san shekarun mai riƙe da ita ba. Ni kuwa na ce kuskure ne babba, kuma abin da ya auku a ƙasar tasu shi ne shaidata.

Su ne fa suka fara kafa kotun yara a birnin Shikago cikin 1899, domin sun lura yaro daban, babba daban. Amma da kashe-kashe suka yi yawa a biranensu wajen 1990, sai tsoro ya rufe wa mutane ido. Cikin 1995 wani malamin jami'a, John DiIulio, ya yi ta shela wai ga waɗansu irin yara nan tafe marasa tausayi, za su cika ƙasa da jini. Kusan kowace jiha ta sake dokarta don a sauƙaƙe kai yara kotun manya. Yaran nan ba su zo ba, laifuffukan yara ma raguwa suka yi, har shi malamin ya janye maganarsa daga baya.

Dalilina na farko, yaro ba ya iya kare kansa. Cikin 1944 a Karolina ta Kudu aka tuhumi George Stinney, baƙar fata ɗan shekara 14, da kashe 'yan mata biyu. Yini guda aka gama shari'ar, aka kashe shi a kujerar lantarki. Sai cikin 2014 kotu ta soke hukuncin, ta ce ba a yi masa adalci ba, watau bayan shekara 70 da binne shi. Haka cikin 1989 aka kama yara biyar a Niyok, 'yan shekara 14 zuwa 16, aka tsare su da tambaya har suka amsa laifin fyaɗen da ba su yi ba. Sai 2002 mai laifin ya tona kansa, gwajin ƙwayar halitta ya gaskata shi.

Na biyu, kurkukun manya makarantar mugunta ce, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Cikin 2007 wani kwamitin masana da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta kafa ya duba binciken da aka yi, ya ga yaran da aka kai kotun manya sun fi 'yan'uwansu komawa ga laifi bayan an sake su. Ashe dokar da aka yi don tsaron jama'a ita ke ƙara musu maɓarnata. Wanda bai lalace ba kuwa, ya kan karye. Kalief Browder yana ɗan shekara 16 aka kama shi cikin 2010 bisa zargin satar jaka. Ya yi shekara uku a kurkukun Rikers ba a yi masa shari'a ba, wajen biyu daga ciki shi kaɗai a ɗaki. Cikin 2015 ya kashe kansa.

Na uku, likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai ya haura shekara 20. Hukuma ma ta san haka, shi ya sa ba ta barinsa ya jefa ƙuri'a sai ya kai 18. To, yaya za a ce bai isa zaɓen shugaba ba, amma ya isa ɗaurin rai da rai? Kotun ƙolin Amurka da kanta ta hana kashe wanda ya yi laifi yana ƙasa da 18 cikin 2005, cikin 2012 kuma ta hana tilasta wa alƙali ya yanke masa ɗaurin da ba fita.

Wani zai ce, ina haƙƙin uwar da aka kashe wa ɗa? Lalle kukanta gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a sallami mai kisa ya tafi gida. A tsare shi, a hore shi shekara da shekaru, amma a gidan horon yara, gaban alƙalin da ya san halin yara, a koya masa karatu da sana'a. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Mu ma kada mu ga abin na nesa ne. Cikin Nuwamba 2024 an gurfanar da yara daga Kano da Kaduna gaban babbar kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa saboda zanga-zanga, har waɗansu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, alhali kuwa dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ware musu tasu hanyar shari'a. Sai da mutane suka yi ca kana shugaban ƙasa ya ba da umurni a sake su. Ya kamata alƙalanmu da wakilanmu su riƙe dokar nan da kyau, su gyara gidajen horon yara, kada mu ɗauki hanyar da masu ita suka gwada suka fara juyowa.