Fanka ta mutu, ƙwai ya ƙone: kunya ba ta gyara ɗakin haya

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Legas, musamman mu da ke haya a Akoka, Bariga da Abule Oja. Yau maganar fanka da ƙwan lantarki zan yi. Na san wani zai ce, "Haba, duk matsalolin da ke damun mu sai fanka?" To ka bari watan Maris ya kama tukuna.

Zafin garin nan daban yake da na gida. A Kano ko Sakkwato zafi busasshe ne, in dare ya yi ka ja tabarma tsakar gida ka samu sa'ida. A nan gumi ba ya bushewa a jiki, ga sauro, ga taga da ba ka isa ka bari a buɗe ba. Wanda bai yi barci ba kuwa, me zai gane a lacca ƙarfe takwas na safe?

Abin da na lura da shi, in fanka ta lalace mukan kasu gida uku. Akwai masu haƙuri, su yi wata biyu suna fifita da kwali don ba sa son a ce 'yan Arewa sun cika ƙorafi. Akwai masu zaro kuɗin abincinsu su sayi sabuwa, ranar tashi su bar wa mai gida ita kyauta. Sai kuma jarumai, waɗanda ke ɗora kujera kan tebur su hau da wuƙa da salatif. A ganina duka ukun asara ce, ta ukun kuma tana iya cin rai.

Mu fara da wa ya kamata ya biya. Ƙwai namu ne, wannan ba gardama, mu muka kunna shi har ya ƙone. Amma wayarin da ke cikin bango, da makunnin da ke tartsatsi, da fankar da muka tarar ta riga ta tsufa, maganar mai gida ce. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa ɗan haya kula da wurin da yake zaune, amma ta cire lalacewar da tsufa da amfani na yau da kullum ke kawowa. Ta kuma hana shi canza wani abu a ginin ba tare da izinin mai gida a rubuce ba. Ka ga ke nan in ka cire fankar mutum ka jefar ba ka gaya masa ba, kai ka ba shi hujjar riƙe kuɗin ajiyar da ka biya ranar da ka shiga.

Saboda haka ka ɗauki bidiyon fankar, ka tura wa mai gida ko mai kula da gidan ta WhatsApp, cikin ladabi. Ku yi magana a rubuce: shi zai gyara, ko kai za ka gyara a cire a kuɗin haya? In ya ƙi duka biyun, ka sayi taka, ka riƙe rasit, ka ajiye tsohuwar a ƙarƙashin gado. Ranar tashi a mayar masa da kayansa, ka tafi da naka.

Wasu za su ce, "Garin mutane muke, ba ma son rigima." Na fahimta, wallahi. Da yawanmu sai da muka sha wuya kafin wani ya yarda ya ba mu ɗaki. Amma tura saƙo ba rigima ba ce. Rigimar gaske ita ce ta ranar tashi, lokacin da ba ka da hoto, ba ka da rasit, sai rantsuwa.

Kafin ma a kai ga sayen sabuwa, a duba ko ta mutu da gaske. In fanka tana gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da sanda, ko tana juyi kamar mai jin barci ko da an ƙure lamba, yawanci kafasita ce ta gaji, wato ɗan ƙaramin abin nan da ke saman injin. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin fanka ba. In lamba ɗaya kawai ke aiki, a duba regileta. In tana ƙara, ƙila boris ne. In kuwa ka ji ƙaurin ƙonewa, to koyil ya tafi, nan ne ake maganar naɗi ko sabuwa. Sanin wannan zai hana mai gyara ya ce maka komai ya mutu.

Amma sani daban, hawa daban. Wutar gida bolt 230 ce. A gidajen haya da yawa an yi wayarin ne yadda aka ga dama, har a ɗora makunni kan wayar da ba ita ke ɗauke da wuta ba. Sai ka kashe makunni, ƙwai ya mutu, alhali wuta na nan a holda tana jiran yatsanka. Kada kuma ka ce ai an ɗauke wuta. NEPA ba ta sallama in za ta dawo, maƙwabci ma yana iya tada janareta. Mai gyaran kirki daga babban akwati yake kashe wuta, sannan ya gwada da tasta kafin ya taɓa komai. Ka tsaya a kansa ka ga ya rataye fankar a ƙugiyar ƙarfen da ke jikin dekin ko katakon rufi. Allon silin ba ya ɗaukar nauyin fanka. Ka tabbatar ya mayar da ɗan fil ɗin da ke hana noti kwancewa, don a ƙarƙashinta kake kwana.

'Yan uwa mata, kada a bar ɗayarku ita kaɗai da mai gyara a ɗaki. A sa lokacin da abokiyar zama take nan, a bar ƙofa a buɗe.

Batun ƙwai kuma, a daina sayen mai zafin nan don ya fi araha. Ƙwai mai wat 60, awa shida kullum, zai sha kusan yunit 11 a wata. Na LED mai wat 9 ba zai kai yunit 2 ba, haskensu kuma kusan ɗaya. Tun da aka ƙara wa 'yan Band A kuɗin wuta a Afrilun 2024, duk wanda ke haɗa kuɗin mita da maƙwabta ya san yunit ba abin wasa ba ne. In za ka je saye ka tafi da tsohon, don akwai mai murɗawa, akwai mai fil biyu.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗalibai: a samo masu gyaran wuta biyu ko uku da aka gwada amanarsu, a liƙa lambobinsu a guruf. Sabbin ɗalibai kuma a gaya musu tun kafin su biya haya, su kunna kowace fanka da kowane makunni a gaban ejan, su ɗauki hoto. Wanda ya san mai gyara na gari a unguwarsu, don Allah ya tura wa shugaban ƙungiya kafin zafi ya kankama. Allah Ya tsare mu, Ya ba mu sa'ar abin da ya kawo mu.