Tsohuwar sanda ta Dala miliyan ɗaya: me aka saya?

A shekarar 2004 an yi gwanjon wata tsohuwar sandar wasan besbol a Amurka, ta tashi a kan sama da Dala miliyan 1.2. Da ita Babe Ruth ya yi wasa ranar da aka buɗe filin Yankee Stadium a 1923. Na san wani zai ce, haba, wannan ai almubazzaranci ne, itace fa! Ni kam ban ga haka ba.

Ku duba yadda masu tara irin waɗannan sanduna ke tantance su. Da farko sai su duba tambarin da aka buga da wuta a tsakiyar sandar. Kamfanin da ke yin Louisville Slugger bai fara amsa sunan Hillerich & Bradsby ba sai 1916. Don haka duk wanda ya kawo maka sanda mai wannan suna ya ce ta 1905 ce, ko ya rantse, ƙarya yake. Sannan su auna tsawo da nauyi, su gwada da tsohon littafin odar kamfanin, inda aka rubuta abin da aka tura wa kowane ɗan wasa.

Ke nan shaida ce ta yi wa sandar kuɗi. Akawun da ya cika littafin nan bai san wata rana rubutunsa ne zai raba ta gaske da jabu ba.

'Yan uwana ma'aikata, mu dubi kanmu. Fayil ɗin da ake bari gara na ci a sito, wataƙila shi ne zai ceci filin maraya ko fanshon wani gobe.

Ko ya kuka gani?