Ruwa da masai: me ya sa muke tsallake ciyaman?

Duk lokacin da burtsatse ta tsaya a Jega, Aliero ko Maiyama, abin da muka iya shi ne mu hau Facebook mu kira sunan gwamna, wani ma har Tinubu zai ambata. Ciyaman da kansila kuwa, waɗanda muke haɗuwa da su wajen ɗaurin aure, sai mu bar su suna hutawa. Alhali wannan aikin a ƙofarsu yake.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi samar da ban-ɗakunan jama'a, kwashe shara da ƙazanta, da kula da kasuwanni, tashoshin mota da mayanka. Manufar ruwa da tsafta ta ƙasa ta shekarar 2000 ta ƙara musu kula da ruwan karkara tare da mutanen gari. To a duba. Jega garin kasuwa ne a bakin Gulbin Zamfara. Aliero na karɓar fataken albasa da ɗaliban jami'a. Maiyama kuwa ƙauyukan manoma ne da suka dogara da rijiya da burtsatse. Duk inda jama'a suka taru babu masai, ruwan sama ne zai kwashe ƙazantar zuwa inda ake ɗebo na sha. Haka kwalara ta kashe mutum sama da 3,000 a Najeriya a 2021.

Uzurin ciyamomi mun daɗe da haddace shi: kuɗi na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. Akwai gaskiya a ciki. Shi ya sa a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, duk da aiwatarwar ta yi ta tafiyar hawainiya. Amma ba komai ke buƙatar biliyoyi ba. Canza famfon da ya ƙone, tura duba-gari kasuwa, yashe kwata kafin damina, duk ba su fi ƙarfin sakatariya ba. Matsalar ita ce gyara ba ya da hoto. Sabuwar burtsatse ana yanka mata ƙyalle a rubuta sunan mai girma, tsohuwa kuwa sai 'yan ga-ruwa su gaje ta.

Kuma abin yana yiwuwa. Buhari ya sa hannu a dokar zartarwa ta 009 a 2019 don hana bahaya a fili, Jigawa kuma ta zama jihar farko da ta cimma hakan a 2022, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Talakawa ne kamar mu.

Saboda haka mu canza salo. Kason kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya ana wallafa shi a intanet. A nemo na Jega, Aliero da Maiyama. Matasan kowace mazaɓa su ƙirga burtsatsensu, mai aiki da matacciya, su ɗauki hoto, su sa kwanan wata, su kai wa kansila a rubuce. Bayan wata ɗaya a koma a tambaya: ranka ya daɗe, nawa aka gyara? Amsar da ya bayar ita za mu ɗora a Facebook, da sunansa a sama.