Ba'amurken da ya zo Zariya neman sarewa

Wannan makon za mu ɗan ajiye maganar jarrabawa mu taɓa kiɗa, amma ba irin wanda ake tura muku a shagon cajin waya ba. Sunansa jaz. Mun san wani zai ce, mu da ke Makera ina ruwanmu da kiɗan Turawa? To, a ɗan yi mana haƙuri.

Da farko dai ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suka haife shi a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Kayan busa na badujala suka samu, irin waɗanda ake fareti da su, suka sa musu nasu salon. Dokarsa mai sauƙi ce. Makaɗa su yarda da karin da za a hau, sannan a riƙa ba kowa fili ya ƙirƙiri nasa nan take, sauran suna riƙe masa. Idan suka sake wannan kiɗan gobe, ba zai fito kamar na yau ba.

Duk ɗan jihar Katsina da ya ji wannan ya san inda muka dosa. Marigayi Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999, ba ya zama da biro da takarda. Kalangu na tafiya, 'yan amshi na riƙe da amshi, shi kuwa yana kallon taro yana ɗinka baitoci a tsaye. Ba muna cewa Shata ɗan jaz ba ne. Muna cewa wanda ya tashi yana jin Shata a rediyon mahaifinsa ba ya bukatar tafinta kafin ya gane abin da 'yan jaz suke yi.

Akwai ma wanda ya taho daga can ya tabbatar da wannan dangantaka da ƙafarsa. Yusef Lateef, haifaffen 1920 ne, ya girma a Detroit, ya musulunta tun yana matashi, ya kuma shahara da busa saksofon da sarewar Turawa. Faifansa Eastern Sounds na 1961 har yau ana sauraronsa. A 1981, yana da shekara sittin, ya tattaro ya sauka a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a cibiyar nazarin al'adun Najeriya, ya zauna har 1985. Me ya zo nema? Sarewa. Wannan dai sarewar da yaron Fulani ke busawa a bayan shanu, wadda muke wucewa ko waiwaye ba ma yi. Ya bincike ta, ya koyar, ya kuma shiga ɗakin ɗaukar sauti a Legas a 1983 tare da makaɗan Najeriya, suka yi faifan da ya sa wa suna In Nigeria. Shi da Ziky Kofoworola sun rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa, wanda ya fito a 1987. Abin ban dariya, mutumin nan bai ma son a kira kiɗansa jaz, yana ganin sunan ya yi masa kaɗan. Ya rasu a 2013.

Kada ku ɗauka labarin tsofaffi ne kawai. A watan Satumba na 2023, wata ƙungiyar matasa biyar daga Landan, Ezra Collective, ta ci kyautar Mercury, wadda ake ba faifan da ya fi fice a Birtaniya da Ayalan, da faifansu Where I'm Meant to Be. Tun da aka fara ba da kyautar a 1992, wannan ne karon farko da 'yan jaz suka ɗauke ta. Jagoransu, Femi Koleoso, mai ganga ne, ɗan'uwansa TJ kuma ke kaɗa jita mai kauri, kuma iyayensu 'yan Najeriya ne. Femi ya ɗauki darasi wurin Tony Allen, makaɗin gangar Fela Kuti, wanda shi ma kafin rasuwarsa a 2020 ya fitar da faifan jaz mai suna The Source a 2017. Da aka miƙa musu kyautar, abin da Femi ya jaddada shi ne a ƙungiyar matasa suka haɗu. Sunanta Tomorrow's Warriors, tana koya wa yara kiɗa kyauta tun 1991.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Waɗancan yara wani ne ya ɗora musu kayan kiɗa a hannu suna 'yan shekara goma sha. Mu fa? A yawancin makarantunmu, gangar fareti ce kaɗai, ita ma sai ranar yara ta 27 ga Mayu ta matso ake kakkaɓe mata ƙura. Wanda ke son waƙa a cikinku, abin da ya sani shi ne ya tara kuɗi ya je situdiyo, a danna masa kiɗa a fiyano da kwamfuta, a gyara masa murya. Ba laifi ba ne, mu ma muna ji muna rausayawa. Amma ku ƙirga a ajinku: mutum nawa ne za su iya matse kalangu har ya yi magana? Nawa ne suka taɓa riƙe goge, ko kukuma, ko algaita? Kuma idan aka samu ɗaya, sau da yawa ɓoyewa yake yi, don kada a ce masa ɗan maroƙa. Wannan gorin, a ganinmu, shi ne ya fi kowane abu cinye mana makaɗa. Kwamfuta tana iya ajiye sautin kalangu, amma juyin da hannu da hammata ke yi sai an zauna gaban mai shi, kuma masu shi tsufa suke yi.

Ga abin da muke so ku gwada. Ku roƙi yayanku ko malaminku mai waya ya nemo muku waƙa ɗaya daga Where I'm Meant to Be, mu dai Victory Dance muka fi so. Karon farko za ku ji kamar hayaniya, kowa na ta nasa. Ku sake ji, amma ku bi ganga kaɗai. Karo na uku ku bi mai busa, ku lura da inda ya bar karin ya tafi yawonsa da inda ya dawo. Bayan haka ku sa wata ta Shata ku yi mata irin wannan sauraron.

Sannan ku bincika mana: a Makera, ko Kurfi, ko cikin garin Dutsin-Ma, wa ya rage da ke busa sarewa ko kaɗa kalangu, kuma yana da yaron da yake koya wa? Ku rubuto ta hannun editan wannan shafi, za mu kawo amsoshinku a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.