A Koya Wa Maniyyata Sha'anin Ƙofar Masauki

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wani abu da jama'a ke rainawa, alhali kuwa yana sa wasu alhazanmu kuka a ƙasa mai tsarki. Abin nan kuwa shi ne ƙofar ɗakin masauki.

Allah ya nufe ni da sauke farali a shekarar 2024. A masaukinmu na Makka mu huɗu ne a ɗaki, amma katin buɗe ƙofa biyu aka ba mu. Ga wanda bai sani ba, yawancin otal-otal ɗin can sun bar mabuɗin ƙarfe. Wani ɗan kati ake karawa a jikin ƙofa sai ta buɗe, in ka fita kuma ta kulle kanta. To, a cikinmu akwai wani dattijo daga wajen Rabah wanda bai taɓa ganin irin wannan ba. Ran farko ya fita ƙofa ta rufe, ya zauna a baranda tun azahar har muka komo daga Harami bayan isha'i. Daga ranar sai muka yi abin da kusan kowane ɗaki ke yi a benen: aka sa silifa aka tokare ƙofa don kada ta kulle.

Kwana na shida muka tarar an buɗe jakar dattijon nan an kwashe guzurinsa. Dala 500 aka ƙayyade wa kowane alhajin Nijeriya a shekarar, shi kuwa bai ko canja ɗari ba. Wallahi Malam Edita, ban manta yadda ya zauna bakin gado yana ta salati ba. Mutumin nan shanu ya sayar, ya haɗa da kuɗin albasar da ya noma da rani shekara da shekaru. Ba mu san wanda ya shiga ba, kuma ba na ɗora wa kowa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu muka bar ƙofa a buɗe.

Ɓangaren mata kuwa abin ya wuce na dukiya. Yayata da muka je tare ta gaya mini cewa wata rana da hantsi suna kwance, wasu ma ko mayafi babu saboda zafi, sai kawai suka ga ma'aikacin otal tsaye a ɗaki da tsintsiya. Da katinsa ya buɗe, ba sallama ba ƙwanƙwasawa. Ƙofar tana da sakata ta ciki, amma ba wadda ta san amfaninta.

Mu nan ƙasar Sakkwato ba baƙi ba ne ga darajar ƙofa. Ko a ƙauye gida yana da zaure, baƙo ya tsaya ya yi sallama, wasu ma har su rubuta "ba shiga" a bango. Alƙur'ani ya yi maganar neman izni kafin shiga gidan wani a Suratun Nur aya ta 27, a aya ta 58 kuma ya ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izni. Yaya za a ce abin da muke kiyayewa a Taloka da Wurno da Goronyo, sai mun je Makka za mu sake shi?

Abin da ya ƙara tunzura ni in rubuto wannan wasiƙa shi ne labarin da na karanta game da manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda ke ɗaukar dubban mutane, kowa da ɗan ɗakinsa kamar otal. Bayan koke-koke sun yi yawa a kan sata da cin zarafin mata da ɓacewar fasinjoji, majalisar Amurka ta yi doka, Shugaba Obama ya sa mata hannu a watan Yuli na 2010. Dokar ta ce tilas ƙofar kowane ɗakin fasinja ta kasance da hanyar da na ciki zai ga mai ƙwanƙwasawa kafin ya buɗe. Sababbin jirage kuma sai an sa musu sakatar tsaro da mabuɗi mai wa'adi. Haka nan ta wajabta wa kamfanoni su ƙayyade wane ma'aikaci ne zai shiga ɗakin fasinja, kuma a wane lokaci. To, idan masu zuwa shan iska a teku an tsare musu ƙofa da doka, ina ga baƙin Allah? Kakanninmu da suka bi ta Sudan suka hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, a ɗamara suke ɗaure kuɗinsu don ba su da ɗaki balle ƙofa. Mu da Allah ya ba ɗaki, kuma kujera ta haura Naira miliyan 8 a 2025, ai ba mu da hujja.

Don haka ina kira ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi da su duba waɗannan shawarwari.

Na farko, duk lokacin da za a kama masauki, a sa cikin yarjejeniya cewa kowane alhaji zai sami katinsa. Rashin kati shi ke kawo tokare ƙofa.

Na biyu, a duba kowace ƙofa tana da sakata ta ciki da ɗan gilashin leƙe, kuma suna aiki. Benen mata a nemi ma'aikata mata, in ba hali a sa lokacin shara sananne, kuma sai an ƙwanƙwasa an amsa.

Na uku, malaman bita su ware ko rabin awa ne a kan wannan. Ana koya mana ɗaura harami da jifan Shaiɗan, har yadda ake shiga bayin jirgi. A zo da kati a nuna wa tsofaffinmu, a gaya musu in kati ya ɓace a ruga wurin masu karɓar baƙi su soke shi su ba da wani. Irin waɗannan ƙofofi da yawa suna riƙe bayanin katin da ya buɗe su da lokacin, don haka ko an yi sata ana iya bincike. Amma ƙofar da aka tokare da takalmi ba ta da shaidar da za ta bayar.

Na san wani zai ce, in tsoho ya kulle kansa ciwo ya kama shi fa? Gaskiya ne, shi ya sa nake cewa sakata ta lokacin da ake ciki ce da masu lafiya, kuma kada a bar marar lafiya shi kaɗai. Masu otal kuma suna da babban kati na gaggawa. Wani kuma zai ce ai wurin ibada aka je, zargin juna bai kamata ba. To gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kulle ƙofa ma shi ke hana zargi, domin bayan satar nan kwana uku muka yi ba mai iya kallon idon ɗan'uwansa, sai da muka yi karo-karo muka haɗa wa dattijon abin da zai ci.

Ku kuma 'yan'uwana maniyyata, ku raba kuɗinku biyu, ku riƙe na kashewa a jiki, sauran ku sa a akwatin ajiya in ɗakin yana da shi. Kowa ya ƙwanƙwasa ku leƙa kafin ku buɗe, ko da ya yi muku Hausa.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya kai waɗanda ba su je ba.

Naka mai karatu a kullum,
daga Taloka,
Jihar Sakkwato.