Allurar esansi ta yi ƙarya: a fara duba mas

A wannan sati za mu leƙa ƙarƙashin tsohuwar bashe, wadda har yanzu ita ce jakin ƴan kasuwa a hanyoyinmu na karkara.

Wani yayana yana da Peugeot 504 bashe, irin waɗanda suka fito daga masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Rannan ya taso daga Maraɗi da buhunan wake zuwa Damagaram. Bayan ya wuce Tasawa, kafin ya kai Takeita, sai inji ya yi tari ya mutu, alhali allura tana nuna rabin tanki. Tankin kuwa ƙaf yake. Ya kwana a daji, kasuwa ta wuce shi. Da ya koma gida, wani makaniki ya sa shi sayen sabon agogon tablo, amma allura ba ta daina ƙarya ba. Abin da ya lalace ashe ɗan kusa ne guda da tsatsa ta ci.

Ga yadda abin yake aiki. Cikin tanki akwai wani ɗan balo, fulotar in ji makanikai, wanda yake iyo bisa esansi. Yana da hannu na ƙarfe da ke gogar wata siririyar waya naɗaɗɗiya. Idan mai ya ragu, balon ya sauka, wutar da ke ratsa agogo ta canza, allura ta bi. To amma wuta ba ta tafiya sai da hanyar komawa batir, kuma hanyar nan ita ce ƙarfen jikin motar kansa. Shi ake kira mas. A motar da ta sha ruwan damina talatin da ƙurar hunturu, nan ne ciwo ya fi zama, kuma nan ne ba a cika dubawa ba, watakila don kankare tsatsa ba ya kawo wa kowa kuɗi.

Akwai alamun da mai mota zai gane da kansa. In allura tana motsi duk lokacin da aka kunna fitilu ko aka taka birki, mas ne kusan ba shakka. In agogon mai da na zafin inji sun mutu lokaci guda, a duba fizibil da wayar da ke ba su wuta, a ƙyale tanki. In allura ta kwanta ƙasa alhali an cika tanki, ko waya ta tsinke, ko balon ya huje ya sha mai ya nutse. In kuma tana tsalle a wuri guda, galibi wajen rabi, naɗaɗɗiyar wayar ce ta cinye.

Gwajin da ke raba gardama ba ya cin minti biyar. A cire wayar da ke bisa tanki, a murɗa kontak, a taɓa bakinta ga ƙarfe mai tsabta na ɗan lokaci kaɗan, wani yana kallon tablo. A Peugeot da Toyota, allura za ta haura zuwa cike. In ta haura, agogo da wayarsa lafiya lau suke, laifin yana ga fulotar ko ga mas ɗinsa. In ba ta motsa ba, sai a bi waya har tablo. Amma a yi hattara, don tartsatsi da tururin esansi ba su shiri: tanki a rufe, a nesanta wayar daga bakinsa, babu taba. Kuma kafin a kwance fulotar, a fara cire kan batir mai alamar ragi.

Mai na'urar awo ya auna batir ma: wajen bolt 12,6 in inji yana kashe, 14 ko kusa da haka in yana aiki. In bai kai 13 ba inji na juyawa, altarnatar ba ya caji, ko bel ɗinsa ya saki.

Abin da ba zan yi shiru a kai ba shi ne fizibil. Da ya ƙone, sai ka ga karen mota ya naɗe shi da takardar kwalin sigari ko ya cusa zaren tagulla, mota ta tashi, kowa ya yaba masa. Fizibil an yi shi ne domin ya ƙone a maimakon wayoyi. Wanda ya toshe shi ya bar wayoyin bayan tablo su yi zafi har robarsu ta narke, ga kuma bido biyu na man ƴan ruwa-ruwa a baya. A sa sabo mai lamba iri ɗaya da tsohon. In ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, a neme ta.

Shi kuwa yayan nawa, wani tsohon mai gyaran wutar mota ya kankare masa kusan da takardar yashi, ya shafa giris, ya ƙara waya guda daga tanki zuwa shasi. Agogon da ya saya yana nan cikin kwalinsa, yana neman mai saye.